Minti biyu aka ba ni in kare garejinmu: labarin Jerome Avenue

Ni bakanike ne, a Kofar Ruwa na koyi aiki tun ina yaro, kuma ko da Allah ya kawo ni Amurka a 2009 ban canza sana'a ba, sufana ɗin dai ita ce. Shekara kusan tara na yi ina aiki a wani gareji a kan Jerome Avenue a Bronx cikin birnin New York, can ƙarƙashin gadar jirgi mai lamba 4, wanda duk bayan 'yan mintuna sai ya wuce ta saman kanku da ƙara kamar sama za ta faɗo, in kana magana da kwastoma dole ku yi shiru sai ya wuce sannan ku ɗora daga inda kuka tsaya. Wanda ya san wurin ya san abin da nake nufi, tun daga wajen titi na 167 har ka wuce Burnside gareji ne a jere, masu faci, masu gilashi, masu salansa, masu bodi da fenti, masu sayar da tsofaffin taya, an ce sun kai wajen 200, yawancinsu mutanen Dominika ne sai 'yan Meziko da 'yan Afirka jefi-jefi irina. Maigidana ɗan Dominika ne, dattijo, mutumin kirki, ba ya jin Turanci sosai ni kuma ba na jin Sifaniyanci sosai amma a haka muka shekara muna fahimtar juna, ai injin ba ya buƙatar tafinta.

To a ƙarshen 2014 ne muka fara jin ƙishin-ƙishin wai gwamnatin birni tana nazarin unguwar. Da farko ma sunan da suka sa wa abin Cromwell-Jerome, mutane suka ce mu ba mu san wata unguwa mai wannan sunan ba, wa ya raɗa mana, daga baya aka mayar da shi Jerome Avenue kawai. Ni lokacin ko a jikina, na ɗauka irin maganar gwamnati ce da za a yi shekara goma ana yi ba a ga komai ba. Sai wata rana wata mata ta shigo garejin da takardu a hannu, tana sanye da riga ruwan lemo irin ta 'yan ƙungiyar masu haya ta CASA, ta tsaya tana yi wa maigida bayani da Sifaniyanci, na ga fuskarsa ta canza, ya ajiye tsumman da yake goge hannu. Da ta juyo kaina ta ce min da Turanci, ka san za a canza zonin ɗin nan? Na ce mene ne zonin kuma.

Bari in yi bayaninsa yadda ni na gane shi daga baya, don sai da na je mitin ya fi biyar kafin ya zauna min a kai. A New York kowane fili akwai harafi da lamba da aka buga masa a taswira, su ne ke faɗin abin da aka yarda a gina a kai da kuma iya tsawonsa. R na gidajen zama ne, C na kasuwanci, M na masana'antu. Yawancin layinmu C8 ne ko M1, kuma a waɗannan doka ba ta yarda a gina gidan zama ba sam, shi ya sa duk ginin wurin ƙasa-ƙasa ne hawa ɗaya, shi ya sa kuma hayar take da sauƙi har talakan bakanike yake iya biya. Ranar da aka goge C8 aka rubuta R7 ko R8 a wurin, filin da jiya ba abin da zai iya ɗauka sai jak da lif, yau zai ɗauki bene hawa goma sha wani abu, to kai ka faɗa min wane mai fili ne zai ci gaba da karɓar hayar gareji. Abin ya ba ni dariya ta wani ɓangaren, don a Kano akasin haka muka saba gani, gidan mutane ne a Nasarawa ko Zoo Road za ka kwana ka tashi ka ga ya zama filaza, a nan kuma shaguna ake so a mayar gidaje. Magajin gari na lokacin Bill de Blasio yana da shirin samar da gidaje masu sauƙin haya, kuma hanyar da ya ɗauko ita ce a canza zonin a wasu unguwanni, an fara da East New York a 2016, aka yi East Harlem a 2017, mu muna kan layi.

Mitin na farko da na je a wani babban ɗaki ne da yamma bayan na tashi aiki, ko wanka ban yi ba, baƙin mai a farce. Mutane cike, an raba na'urar saƙalawa a kunne don masu jin Sifaniyanci, an ajiye shinkafa da wake da kaza a baya, akwai ma inda ake kula da yara. Haɗakar ƙungiyoyi ce suka sa wa suna Bronx Coalition for a Community Vision, a ciki akwai masu haya, akwai 'yan ƙwadago na aikin gini, akwai malaman coci, akwai ƙungiyar masu gareji. Aka raba mu tebur-tebur, kowa ya faɗi abin da yake tsoro a rubuta a babbar takarda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda ya ce ba ya son sababbin gidaje, ko mutum ɗaya, tambayar da kowa ke yi ita ce gidajen na wa za a gina. Wata tsohuwa a teburinmu ta ce ta zauna a unguwar tun lokacin da gidaje ke ƙonewa a shekarun 1970 kowa yana gudu, ita ba ta gudu ba, yanzu da wuri ya yi kyau ne za a ce ta matsa. Takensu da ake ta rerawa ma'anarsa ita ce duk abin da aka yanke a kanmu ba da mu ba, to ba don mu aka yi ba.

A wurin na koyi wani lissafi da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Akwai doka da aka kafa a Maris 2016 cewa duk inda aka canza zonin aka ƙara wa mai gini dama, dole ya ware wani kaso na ɗakunan ya zama mai sauƙin haya har abada, misali kashi 25 cikin 100. Da jin haka sai ka ce madalla. Amma sauƙin da wane ma'auni? Da wani abu ne da suke kira AMI, wato matsakaicin abin da iyali ke samu a shekara, kuma ba na unguwarku kaɗai ake ɗauka ba, na birnin ne gaba ɗaya da masu kuɗin Manhattan a ciki, har da gundumomin wajen gari irin su Rockland da Putnam. A 2017 na iyali mai mutum uku dala 85,900 ne. Kashi 60 cikin 100 na wannan ya haura dala 51,000, su ne wai masu ƙaramin ƙarfi da za a gina wa. Mu kuwa a unguwarmu matsakaicin gida wajen dala 25,000 yake samu a shekara. Ka ga ke nan ɗakin da aka kira mai sauƙi, rabin mutanen unguwar ko rabin kuɗin cancantarsa ba su kai ba. Na dawo gida na zana wa uwargida lissafin a bayan ambulan ɗin bil ɗin wuta.

Ita fa ba ta goyi bayana ba, gara in faɗi gaskiya. Muna zaune a ɗaki ɗaya da falo mu biyar, yara uku suna kwana a falo, hita tana aiki yau gobe ta ƙi, ta ce min Baban yara, kai kana zuwa kana ɗaga kwali kada a yi gini, mu kuma a ina kake so mu sa yaran nan in sun girma, yarinya ta fara zama budurwa tana kwana falo ɗaya da ƙannenta maza. Na ce ba cewa muka yi kada a yi ba, cewa muka yi a yi wanda za mu iya shiga. Ta ce to Allah ya sa su ji, amma ni dai na san in ba a gina ba ko na mafarki babu. Haka ma a masallacinmu, inda yawanci 'yan uwanmu Hausawan Gana ne na Kumasi da Nima sai mutanen Nijar, bayan sallar Juma'a aka yi ta ja-in-ja. Akwai wani dattijo direban tasi da kowa ke ce wa Alhaji, ya kama hannuna ya ce Malam, gareji ana iya kai shi ko'ina, mota tana da ƙafa za ta bi ku, amma mutum dole ya kwana kusa da jirgi. Na ce Alhaji, ran da birkinka ya lalace da asuba kana da fasinja zuwa filin jirgi, wa kake bugawa waya, ba ni ba, minti nawa kake yi ka iso? Ya yi dariya ya ce wannan kuma gaskiya ne, amma bai canza ra'ayi ba, ni ma ban canza ba, muka rabu a haka.

Shi tsarin amincewar suna kiransa ULURP, kuma yana da agogo, da zarar an ce an buga wa takardun hatimi to kwanaki sun fara ƙirguwa, wajen wata bakwai ne gaba ɗaya. A lokacin kwamitin unguwa yana da kwana 60, shugaban gunduma kwana 30, hukumar tsara birni kwana 60, majalisar birni kwana 50, sai magajin gari kwana 5. Kafin a kai nan ma akwai zaman da aka yi a Satumba 2016 a Bronx Community College kan abin da binciken tasirin aikin zai duba, na je amma ban yi magana ba, na zauna a baya ina kallon yadda ake yi, mutum ya rubuta sunansa a 'yar takarda, a kira shi, ya tsaya gaban makirfo, lokaci ya cika a ce na gaba. Agogon namu ya fara a Agusta 2017, bulok 92 abin ya shafa, an ce za a samu sababbin ɗakuna wajen 4,600, daga ciki wajen 1,150 ne dokar nan ta tilasta su zama masu sauƙi na dindindin.

Amma ga abin da ba wanda ya faɗa min a mitin, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mu muna can muna ƙirga kwana 60 da kwana 30, ashe a kan titi an riga an gama. Tun a 2016, ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba, yarjejeniyar hayar garejinmu ta ƙare, maigida ya je sabuntawa kamar yadda ya saba duk shekara biyar, mai filin ya ce a'a, daga yanzu wata-wata za a riƙa yi, kuma ya ƙara kuɗi. Ba mu kaɗai ba, maƙwabcinmu mai gilashi haka, mai salansa na tsallake haka. Sai ka ga wasu mutane da kaya masu tsabta sun zo da safe suna ɗaukar hoton gini suna auna gaba da tef, ba su ce maka sannu ba. Kuma a New York mai hayar shago ba shi da wata kariya irin ta mai hayar gida, in yarjejeniya ta ƙare mai wuri ba dole ya sabunta ba, kuma ba iyaka ga abin da zai ƙara. Wato jita-jitar kaɗai ta isa ta ɗaga farashin fili, ruwa tun bai sauko ba laima ta yi tsada. Duk wanda ka taɓa a layin sai ya ce maka ka tuna Willets Point, can Queens kusa da filin wasan Mets, inda aka tashi masu gareji, wasunsu suka haɗa ƙungiya suka koma Hunts Point abin bai ɗore ba. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai ka san abin yi.

A Oktoba 2017 kwamitocin unguwa uku da abin ya shafa, na 4 da na 5 da na 7, suka yi nasu zaman. Nan ne na fara ganin abin da idona yadda yake da zafi, ana ihu, ana buga ƙafa, shugaban zama yana ta roƙon a yi shiru, wani ya tashi ya ce shi yana goyon baya saboda ya gaji da motoci a kan hanyar tafiya da ƙasa da warin fenti a ƙofar makarantar 'ya'yansa, aka yi masa ihu, ni kuwa na sunkuyar da kai don na san gaskiya ya faɗa, mu ma muna ajiye motoci a inda bai kamata ba, wani lokaci har layi biyu. Duka ukun suka amince amma da sharuɗɗa masu yawa. Na fita raina a ɓace, sai wani matashi cikin masu shirya mu ya ce min kada in damu sosai, ƙuri'ar kwamitin unguwa shawara ce kawai, ta shugaban gunduma ma shawara ce, ko sun ce a'a ba ta hana komai. Na ce to me ya kawo mu? Ya ce don a rubuta, kuma don kansiloli su ga yawanmu. Shugaban gundumar Bronx na lokacin Ruben Diaz Jr. shi ma ya amince da sharuɗɗa a Nuwamba, hukumar tsara birni ta amince a Janairu 2018.

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Majalisar birni tana da kansila 51, amma al'adarsu a lokacin ita ce in maganar fili ce to duk inda kansilan unguwar ya karkata nan sauran za su bi. Ke nan mutum biyu ne ke riƙe da abin, Vanessa Gibson da Fernando Cabrera, tunda yawancin wurin a mazaɓunsu yake, kuma duk ihun da muke yi amfaninsa shi ne ya ba su abin da za su ɗora a tebur in sun shiga ciniki da ofishin magajin gari. Da na san haka tun 2015 wallahi da ban ɓata takalmina a wasu wuraren ba.

Zaman sauraron jama'a na majalisa a Fabrairu 2018 aka yi a City Hall, ana sanyi mai shiga ƙashi. Aka ce ana so wani daga cikin ma'aikatan gareji ya yi magana, ba masu gareji kaɗai ba, sai kowa ya noƙe, kuma na san dalili, da yawa cikin abokan aikina ba su da takardun zama, ba mai son ya je ya faɗi sunansa a gaban kyamara a gidan gwamnati, balle a wancan lokacin da kowa ke ɗar-ɗar. Ni ina da katina, sai aka ce kai ne. Maigida ya dafa kafaɗata ya ce je ka faɗa musu, ranar ma ba zan cire maka kuɗi ba. Kwana uku ina rubutu, babbar 'yata tana gyara min Turancin tana dariyar yadda nake furta wasu kalmomi, muka auna da agogon waya ya zo minti uku da rabi, aka ce minti biyu ne kacal, muka yi ta yanka har abin ya koma kamar ƙashi ba nama.

Mun isa tun safe, aka bi da mu ta na'urar bincike, na manta da ƙaramar sufana mai lamba 10 a aljihun jaket, mai gadi ya ɗaga ta yana kallona, na ce aikina ke nan, ya yi murmushi ya ajiye min ita a gefe. Na cike 'yar takardar, akwai inda za ka zaɓa kana goyon baya ko kana adawa, na tsaya da biro a hannu na ɗan lokaci don maganar uwargida ta faɗo min, sannan na zaɓi adawa. Jami'an gwamnati suka fara, suka yi awanni ana tambayarsu suna amsawa, mu muna zaune a sama muna kallo, an hana tafi, in ka ji abin da ya yi maka daɗi sai dai ka ɗaga hannu ka karkaɗa yatsu. Na fita na yi azahar a wani lungu kusa da matakala a kan jaket ɗina, na dawo ba a kira ni ba, sai can wajen la'asar, lokacin kujerun kansiloli da yawa ba kowa, aka kira mu mu huɗu muka zauna a tebur ɗaya.

Ga agogo ja a gabanka yana ƙirgawa baya. Na faɗi sunana, na ce ni bakanike ne a Jerome, na ce a garejinmu mu shida ne kuma kowa yana ciyar da gida a nan yana kuma aikawa gida, na ce aikin nan ba ya tambayarka digiri ko Turanci kuma yana biya fiye da wankin kwano ko dakon kaya a sito, na ce mu ba ma faɗa da gida don ni ma 'ya'yana a falo suke kwana. Daga nan idona ya ɓace daga layin, na rasa inda nake a takardar, sai kawai na ajiye ta na ce tun 2016 mai filinmu ya mayar da mu wata-wata, ku ba ku yi ƙuri'a ba tukuna amma mu an riga an yi mana. Sai ƙararrawa ta yi ƙara. Aka ce an gode, na gaba. Sakin layi biyu na ƙarshe da muka fi shan wahala a kansu, inda na jera abin da muke nema, ko kalma ɗaya ban karanta ba, sai miƙa takardar na yi aka ce za a sa a rikodi. A jirgin dawowa na yi ta jin haushin kaina har Burnside.

A Maris 2018 majalisa ta amince. Kuma don Allah kada wani ya ce ihun bai yi amfani ba, ya yi, sai dai ba kowa ya amfana daidai ba. An yi alƙawarin kashe dala miliyan 189 a unguwar kan wuraren shaƙatawa da tituna da sauransu, da sababbin makarantun firamare biyu kowace mai kujera 458. A zaɓin kason gidaje masu sauƙi an bar wanda ya fi sauka ƙasa, kashi 20 cikin 100 na ɗakuna ga masu samun kashi 40 na AMI ɗin nan. An sa unguwar cikin wani gwaji da ke tilasta wa wasu masu gidaje su nuna shaidar ba su takura wa masu haya ba kafin a ba su izinin rushewa ko babban gyara. Sannan tun a Agusta 2017 an sa hannu a dokar da ta ba mai haya marar ƙarfi lauya kyauta in an kai shi kotu za a fitar da shi, New York ce birni na farko a Amurka da ya yi haka, kuma matan nan masu riga ruwan lemo suna cikin waɗanda suka yi shekaru suna bin abin. Maƙwabciyarmu ta hawa na uku da lauyan nan ta tsira da ɗakinta, da idona na gani.

Mu masu gareji kuwa abin da ya zo hannunmu ɗan kaɗan ne. An bar wasu 'yan wurare ƙanana da tsohon zonin ɗinsu don gareji su ci gaba da zama, namu bai faɗa ciki ba, tsakaninmu da layin bulok ɗaya da rabi. An kuma ware dala miliyan 1.5 don taimaka wa waɗanda za su tashi su koma wani wuri, ka raba wannan da yawan garejin ka gani, alhali lif ɗaya kafin ka cire shi ka kai wani wuri ka sake kafawa da izini da wayarin wuta ka kashe dubbai. Maigida ya ce in taya shi neman tallafin tunda ni ke karanta Turanci, muka zauna a ofis ɗinsa mai kamar akurki muka zazzage wata tsohuwar jaka, sai ga matsala, ashe shi ba daga hannun mai filin ya karɓi hayar kai tsaye ba tun asali, daga hannun wani ne da ya karɓa ya sake ba shi, takardar da ke hannunsa ba sunan garejin a kai yadda ya kamata, wasu shekarun ma a hannu yake biya ba rasit. Muka buga wa mai filin ya ba mu wasiƙa ko ta layi biyu ce cewa muna wurin tun shekara kaza, ya ce zai turo, har yau yana turowa.

A 2019 aka ba mu notis na kwana 30. Ranar kwashe kaya abin da ya fi tsaya min a rai ba lif ba ne ko kwamfireso, allon katako ne da ke jikin bango inda maigida ya zana siffar kowace sufana da fenti ja don a san inda za a mayar da ita, shekara da shekaru, da muka cire sufanun sai siffofin suka rage a jere. Ya tsaya yana kallo ya ce a bar shi a nan. Shi ya sayar da kayan ya koma Santiyago can Dominika wajen 'ya'yansa, yana turo min saƙon murya a WhatsApp duk ƙaramar salla da babba, ya riƙe lokutan ya fi wasu Musulmin ma. Cikin mu shida, biyu sun koma gyara a bakin titi daga bayan motarsu, ɗaya yana kai abinci da keke, ɗaya ban san inda yake ba. Ni na samu wani gareji a Hunts Point, da tafiyar minti goma ce da ƙafa, yanzu bas biyu nake hawa, kuma kwastomomina na da kashi ɗaya cikin uku ne suka biyo ni. Alhaji yana cikinsu, duk zuwan da zai yi sai ya ce Malam ka ga abin da na faɗa maka, mota tana da ƙafa, ni kuma in ce Alhaji ai kai kaɗai ka zo, sauran fa.

Wurin garejin ya yi shekara biyu a rufe da katanga ta katako, ciyawa ta fito, ana cikin haka korona ta zo, daga baya aka fara gini. Yanzu in kana cikin jirgi mai lamba 4 ka duba ta taga benaye ne sababbi nan da can, wasunsu ma duka ɗakunan na masu ƙaramin ƙarfi ne da tallafin gwamnati, wannan kam ban yi zato ba kuma ba zan ɓoye ba. Da aka buɗe cacar neman ɗaki a wani gini da ke kusa da inda muke da, uwargida ce ta sa 'yarmu ta cike mana a Housing Connect, shafin neman gida na gwamnatin birni, ba tare da ta tambaye ni ba, sai da aka turo lambar layi sannan ta nuna min a waya. Na duba jadawalin kuɗin shiga, akwai mafi ƙaranci akwai mafi yawa, in ka gaza ba ka ciki in ka haura ba ka ciki, mu mun faɗa a layi na biyu da kyar saboda ita ma yanzu tana aikin kula da tsofaffi a gida. Lambar tamu tana da nisa sosai. Ta ce in tattaro takardun albashi na wata shida da na haraji na shekara biyu in sa a ambulan ɗaya kada a kira mu muna neme-neme irin na maigidanka, na ce to, suna nan a saman firij.